Tsakanin Ruwa Da Keke: Yadda Sauya Takalmi Ya Zama Tsere Mai Zaman Kansa

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda karatu ya fi musu daɗi.

Yau wasa za mu taɓa, amma ƙwallo ta huta. Akwai wani tsere da Turawa ke kira tirayatilon, ni dai a shirin nan zan riƙa ce masa tseren haɗa-uku, don abin da yake ke nan: mutum ya yi iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya zuba a guje da ƙafa, duka a jere. Sau ɗaya ake danna agogo, ba a kuma tsayar da shi sai ka tsallake layin ƙarshe. To ni inda hankalina ya tsaya shi ne ɗan tsakanin nan, lokacin da kake cire kayan ruwa kana neman kekenka, da lokacin da kake ajiye keke kana sa takalmin gudu. Masu wasan suna kiransu canji na farko da canji na biyu, har suna yi musu laƙabi da wasa na huɗu. Wannan ɗan tsakanin yana da tarihinsa, kuma duk wanda ke son fara tseren, tarihin zai nuna masa abin da zai kwaikwaya da abin da zai bar wa masu shi.

Bari mu koma baya. Tun a 1920 jaridar wasanni ta Faransa mai suna L'Auto ta ba da labarin wata gasa a kusa da birnin Paris, inda ake gudun kilomita 3, tuƙin keke na kilomita 12, sannan a tsallaka ruwan Marne da iyo. Ku lura da jerin: iyo ne a ƙarshe. Amma tseren da muka sani yau, asalinsa daga Amurka ne. Ranar Laraba 25 ga Satumba 1974, wasu mutum biyu 'yan ƙungiyar masu gudu ta San Diego a jihar Kaliforniya, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka shirya tsere a wani wuri da ake kira Mission Bay. Mutum 46 suka fito. Gudu kusan kilomita 10, keke kilomita 8, iyo bai kai rabin kilomita ba, kuma an yayyanka gudun da iyon an cakuɗa su, ka yi gudu ka faɗa ruwa, ka fito ka sake gudu. Wani ɓangaren gudun ma ba takalmi aka yi shi, a kan ciyawa da yashi. Bill Phillips ya zo na ɗaya cikin minti 55 da daƙiƙa 44. Da yamma aka fara, don haka na baya-baya sai da duhu ya riske su, da fitilun motoci aka haska musu hanya. A ranar babu wani shingen canji mai lambobi da alƙalai. Kowa ya zo da kekensa, ya ajiye, ya dawo ya ɗauka.

Cikin mutum 46 ɗin nan akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy. Aiki ya mayar da su Hawai. A can ne aka yi wata gardama irin ta majalisa: tsakanin masu iyo da masu keke da masu gudu, wa ya fi juriya? Sai suka ce a daina musu, a haɗa manyan tserukan tsibirin Oahu guda uku a yi su rana ɗaya. Iyon Waikiki mai kilomita 3.86, zagayen tsibiri da keke, da gudun dogon zango na Honolulu mai kilomita 42.2. Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: asalin tseren keken mil 115 ne, kuma kwana biyu ake yinsa. Sai aka rage mil 3 ya koma 112, wato kilomita 180, domin keken ya ƙare daidai hasumiyar Aloha, inda ake fara gudun Honolulu. Kun ga ke nan, tsawon da duniya ta haddace yau, wurin canji ne ya yanke shi.

Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka shiga ruwa, 12 suka kammala. Gordon Haller ya yi nasara cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58, shi ne na farko da aka kira Ironman. Amma ku ji yadda abin yake a lokacin. Kowa da tawagarsa a mota tana bin sa da ruwa da abinci da kayan sawa. Shi kansa Collins ya tsaya a hanya ya ci kwanon abinci mai zafi kafin ya ci gaba, ya ƙare a wajen awa 17. John Dunbar, wanda ya daɗe yana kan gaba, ruwan tawagarsa ya ƙare suka miƙa masa barasa, ƙarshenta na biyu ya zo. A tseren da ke cin yini guda, kuma tsakanin na ɗaya da na biyu ya haura rabin awa, wa zai damu da minti biyar na sauya riga? Canji a wancan zamani hutu ne. Ka zauna, ka goge jiki, ka sha ruwa, ka ce bismillah ka tashi.

Abin da ya tabbata daga Hawai shi ne jerin: iyo, keke, gudu. Kuma akwai hankali a ciki. Wanda ya gaji yana gudu zai iya zama a bakin titi. Wanda ya gaji a tsakiyar teku fa? Shi ya sa ake shiga ruwa da sauran ƙarfi. Sai dai wannan jerin ya haifar da matsalar da har yau sababbi ke fama da ita: za ka iso wajen kekenka a jiƙe, kana haki, jiri na ɗibarka.

A Fabrairun 1982 aka yi abin da ya fito da wasan idon duniya. Wata ɗaliba, Julie Moss, tana kan gaba a Ironman, jikinta ya ƙi, ta faɗi daf da layin ƙarshe. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a baya. Tashar ABC ta nuna wannan a talabijin, jama'a suka yi ta tururuwa cikin wasan. Da mutane suka yi yawa, tseruka suka gajarta, tazara ta matse, 'yan kasuwa kuma suka shigo da kaya.

To nan ne labarin ya yi mini daɗi, domin kusan duk kayan da aka ƙirƙiro don ƙara sauri, sai da ya ƙara wa canji wahala. Ɗauki feda. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda sana'arsa ƙera abin da ke kama takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, ya fito da feda mai cafke takalmi. Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985, sai kowa ya bi. Takalmin wannan feda ƙasansa tauri gare shi kamar katako, ga wani ƙullutu a ƙasa da ke shiga cikin fedar. A kan keke babu kamarsa, amma in ka ce za ka yi gudu da shi, tafiyar agwagwa za ka yi. Dole ke nan takalmi biyu: na keke da na gudu. Sai rigar ruwa. A 1987 Dan Empfield ya kafa Quintana Roo ya fara ɗinka rigar roba da aka yi ta musamman don iyon wannan tsere. Tana ɗumama jiki, tana ɗaga mutum sama a ruwa, sauri ya ƙaru. Amma tana manne wa fata kamar an shafa, cire ta kuwa kokawa ce, musamman a idon sawu. Abin da ka samu a ruwa, kana iya zubar da shi a tsaye kana ja-in-ja da roba.

Daga nan dabaru suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Riga guda mai saurin bushewa wadda za ka yi iyo da keke da gudu duk a cikinta, ba sauyawa. Igiyar takalmi ta roba, ka zura ƙafa kawai ba ɗauri. Bel mai ɗauke da lambar tsere, ka juya lambar baya in kana kan keke, ka juyo da ita gaba in za ka yi gudu, ba ruwanka da fil. Sai babbar dabara: a bar takalmin keke a maƙale jikin feda tun kafin a fara, a riƙe shi a miƙe da 'yar roba irin ta ɗaure kuɗi. Ɗan wasa ya turo keke a guje ba takalmi, ya daka tsalle ya faɗa kan sirdi, ya taka saman takalman, robar ta tsinke da kanta, sai ya yi nisa sannan ya zura ƙafafu yana tafiya.

Duk da haka, a ganina ba kaya ne suka mayar da canji abin tsoro ba, doka ce. Ranar 1 ga Afrilu 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Avignon na Faransa, Les McDonald na Kanada ya zama shugabanta na farko. A watan Agustan shekarar aka yi gasar duniya ta farko a garin, Mark Allen na Amurka da Erin Baker ta New Zealand suka lashe. Tsawon da aka tsayar: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Burin McDonald shi ne shiga gasar Olamfik, kuma a 1994 aka amince za a fara a Sidni a 2000. Matsalar ita ce, a tsohuwar doka haramun ne ka laɓe a bayan keken wani don ya tare maka iska. Kowa da tazararsa, alƙalai na bin mutane a babur suna aunawa. A gajeriyar hanya mai cunkoso wannan doka ba ta tsaruwa, rigima ba ta ƙarewa, kuma mai kallon talabijin ba ya gane wa ke gaba. Sai aka halatta wa ƙwararru laɓewar, aka yi gasar duniya ta 1995 a Cancún ta ƙasar Meziko a kan sabon tsari.

Ku tsaya ku ji abin da wannan ya jawo, don shi ne zuciyar labarin. Wanda ke bayan wani a keke yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Saboda haka masu keke sai su dunƙule su zama ayari, suna karɓa-karɓa a gaba, ayarin kuma ya fi duk wani mutum ɗaya gudu. Yanzu a ce kun fito daga ruwa tare da mutum goma. Rigarka ta maƙale a dunduniya, ka yi asarar daƙiƙa biyar. Kafin ka hau, su goman sun haɗe sun tafi. Kai kaɗai kake faɗa da iska, su suna hutawa a bayan juna. Daƙiƙa biyar ɗin nan, kafin a gama kilomita 40, ta zama minti ɗaya ko fiye. Ka fi su iya gudun ƙafa ma, ba lallai ka kamo su ba. Tun daga nan ƙwararru suka koma atisayen cire riga da sa hular kwano kamar yadda suke atisayen iyo. Yau canjin farko a wajensu yawanci bai kai minti ɗaya ba, na biyu kuwa wajen rabin minti.

Sakamakon gasannin ma ya nuna haka. A Sidni, ranar 16 ga Satumba 2000, Brigitte McMahon ta Siwizalan ta doke Michellie Jones 'yar gida da daƙiƙa 2 kacal, bayan awa biyu ana fafatawa. A Landan a 2012, Nicola Spirig ta Siwizalan da Lisa Nordén ta Suwidin lokaci ɗaya aka rubuta musu, awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 48, sai da aka duba hoton kyamara aka ba Spirig zinare. A gasar maza ta shekarar kuwa, a Hyde Park, Jonny Brownlee na Birtaniya ya hau kekensa kafin ya tsallake layin da aka yarda a hau. Taku ɗaya ne fa. Alƙalai suka ci shi tarar daƙiƙa 15, dole ana tsakiyar gudu ya ratse ya tsaya cik yana kallon agogo, jama'ar garinsu na ihu. Wansa Alistair ya ɗauki zinare, Javier Gómez na Sifaniya azurfa, shi ya tsira da tagulla, daƙiƙa 20 a bayan Gómez. Ni dai ina ganin ko ba tarar, da wuya ya kamo Gómez a ranar, amma tarar ta hana mu ganin ƙarshen faɗan. Zinarensa sai a Tokiyo a 2021 ya same shi, a tseren miƙa-hannu na maza da mata, inda kowane ɗan wasa ke yin iyon mita 300, keke kilomita 6.8, da gudun kilomita 2. A irin wannan gajeren, kowace tawaga canji takwas take yi, kuskure ɗaya ya isa.

To, ina sabon shiga a duk wannan? Bari in ba ku labarin wautata. Bayan na sha kallon bidiyon ƙwararru, na ce ai wannan tsallen kan sirdi ba wani abu ba ne. Na fito da keke layinmu da yamma, na ba ƙanena waya ya riƙe mini agogo. Na turo keke a guje, na daka tsalle, cinyata ta bugi sirdi, kan keken ya juya, sai ga ni a ƙasa gwiwa a goge. Yaron nan da ya gama dariya sai ya ce, "Yaya, in tsayar da agogon ne ko in bar shi?" Na ce bar shi, ai a gasar ma ba a tsayarwa.

Abin da ban gane ba a lokacin: su ƙwararru ayari suke bi, shi ya sa daƙiƙa biyu ke da tsada a wajensu. A yawancin tserukan gama-gari, laɓewa a bayan wani har yanzu haramun ce, don haka babu ayarin da zai tafi ya bar ka. Daƙiƙa biyar ɗinka daƙiƙa biyar ce. Asarar sabon shiga ta mintuna ce, kuma ba a wajen hawa keke take ba. Tana wajen neman inda ya ajiye keken, da zama a ƙasa, da kokawar sa riga a jiƙaƙƙen jiki, da tsayawa yana tunanin me zai ɗauka. Yi lissafi da gajeren tseren da sababbi ke farawa da shi, iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. In kana son rage minti 3 a gudun, sai ka ƙara saurin daƙiƙa 36 a kowace kilomita, aikin watanni ke nan. Minti 3 a canji biyu kuwa, yamma uku ko huɗu a tsakar gida ta isa.

Farkon abin yi, rage kaya. Duk abin da ka shimfiɗa kusa da kekenka, sai ya nemi ka yi tunani a kansa, kai kuma a lokacin ƙwaƙwalwarka ba ta tare da kai. Hular kwano a kan hannun keke, bakinta sama, maɗaurinta a buɗe, tabarau a ciki. Takalmi a sassauce, da 'yar hoda a ciki don jiƙaƙƙiyar ƙafa ta shige. Bel ɗin lamba. Shi ke nan. In fedarka ta gama-gari ce, ka ma huta, takalmi ɗaya zai kai ka har ƙarshe, canjinka na biyu ajiye keke ne da cire hula kawai. Safa kuwa, ƙwararru ba sa sawa a gajeren tsere, amma in ƙafarka ba ta saba ba ka sa abarka, ka naɗe ta tun da wuri yadda za ka mirgina ta kan ƙafa. Daƙiƙa ashirin na safa sun fi kilomita biyar da ƙafa a saluɓe.

Sannan ka je da wuri ka taka hanyar da ƙafarka: daga bakin ruwa zuwa kekenka, daga keke zuwa ƙofar fita, daga ƙofar dawowa zuwa wurinka. Ƙirga layuka, ka riƙe wata alama da ba ta motsi, bishiya ko turken fitila. Kada ka yi alama da keken maƙwabcinka, don kafin ka fito wataƙila ya tafi. Ka bar giyar keke a mai sauƙi, kada ka hau ka ji feda ta ƙi juyawa.

Dokokin nan biyu kuma ka haddace su kamar sunanka. Ba ka taɓa keke sai hular kwano na kanka a ɗaure, ba ka kuma kwance ta sai ka mayar da keken mazauninsa. Ba ka hawa sai ka tsallake layi, kuma kafin layi kake sauka in ka dawo. Wanda ya ci tagullar Olamfik ma an kama shi a nan. Ka tura keken gaba kaɗan da layin, ka ratse gefe, ka tsaya, ka ɗora ƙafa ka hau kamar yadda ka saba tun kana yaro.

Jiki ma yana da nasa canjin. Jirin da ke kama mutum in ya fito daga ruwa, dalilinsa ya daɗe a kwance sai ya miƙe farat ɗaya, jini bai gama daidaita ba. Ƙara bugun ƙafa a ƙarshen iyo yana taimakawa, kuma ba laifi ka yi 'yan taku a hankali kafin ka fara sassarfa. In da rigar roba a jikinka, zuge ta ka sauke zuwa ƙugu kana tafiya, a wajen keke ka tura ta ƙasa ka taka da ƙafa ɗaya ka zare ɗayar. In ruwan da ɗumi ma ba a yarda a sa ta ba, an rage maka aiki. Bayan keke kuwa, ƙafafu sukan yi nauyi kamar ba naka ba. Maganinsa a atisaye yake: sau ɗaya a mako, kana sauka daga keke ka yi gudun minti goma nan take. A ranar tsere kuma, in ya rage kilomita ɗaya ka sassauta giya, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, ka fara gudun da gajerun taku.

Ni yanzu abin da nake yi, in jiƙa ƙafa da buta, in rugo daga bakin ƙofa, hula, takalmi, bel, keke, a jere ɗaya kullum ba na sauyawa, sau biyar. Ƙanena na nan da agogonsa, ya ce sai ranar da na sake gwada tsallen zai ɗauki bidiyo.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.